Kowa a waya ya zama likitan mata, wa zan yarda da shi?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 24, ina zaune a Ɗorayi, a Kano. Aurena shekara ɗaya da wata huɗu, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Tun bayan biki nake fama da fitar farin ruwa, wani lokaci har da ƙaiƙayi, ya tafi ya dawo. Kunya ta hana ni faɗa wa kowa, sai na koma waya. A TikTok na ji wata tana cewa sanyi ne, kuma in ya daɗe cinye mahaifa yake yi. Na shiga wani guruf na mata a WhatsApp, mai guruf ɗin ta sayar min da haɗi na naira dubu 35, akwai na sha, da na matsi, da na tsuguno. Maimakon sauƙi sai raɗaɗi ya ƙaru. Na je kemis sau uku ana haɗa min ƙwayoyi da allurai. Da na duba Google sai na ga an ambaci cutar kansa. Yanzu wata dokta a Instagram ta ce in tura mata kuɗi da hoton wurin ta duba. Ga dangin miji sun fara magana. Wallahi Anti ba na iya barci. Wa zan yarda da shi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya yaye miki.

Kafin mu je ko'ina, hoton nan kada ki tura shi. Ko da matar likita ce ta gaske, babu abin da hoto zai nuna mata wanda zai isa ta rubuta miki magani, domin abin da ake nema a irin matsalarki ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, sai an ɗebi ruwan an kai ɗakin gwaji. Sannan ba ki san wanda ke riƙe da shafin ba. Hoton mace da farar riga da abin sauraren ƙirji a wuya, kowa zai iya ɗaukowa ya liƙa. Akwai mazan da ke buɗe shafi da sunan mata don wannan aikin kaɗai, hoto na shiga hannunsu magana za ta canja: ko ki turo kuɗi ko a watsa. Kin san abin da hakan yake nufi ga matar aure a garin nan. In kin riga kin tura kuɗin, ki bar mata, ki toshe ta.

Matsi da tsuguno kuwa, daga yau ki ajiye su. Allah Ya halicci gaban mace yana tsaftace kansa da kansa. Akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a ciki, su ne ke sa wurin ya zama da ɗan tsami, tsamin nan kuma shi ke hana masu cutarwa yaɗuwa. Duk abin da aka cusa, miski ne, tafarnuwa ce, kanumfari, alif, kanwa, sabulu mai ƙamshi, yana kashe masu amfanin ne, wani ma ya ƙona fatar ciki wadda take da taushi sosai. Na san abin da ake faɗa wa mace in ta koma ta ce raɗaɗi ya ƙaru: wai ciwon ne yake fita, ta ƙara haƙuri, ta sayi kashi na biyu. Ba ciwo ne yake fita ba, jikinki ne yake gaya miki an cuce shi. Tsarki da ruwa daga waje ya wadatar.

Yanzu bari mu zauna a kan abin da ya hana ki barci, don ina ganin rabin damuwarki tsoro ne aka dasa miki.

Fitar ruwa daga gaban mace baliga ba cuta ba ce a karan kanta. Mace mai lafiya tana ganin ruwa fari ko garai-garai, marar wari, marar ƙaiƙayi, kuma yana canjawa da tafiyar wata. Wajen tsakiyar wata yakan ƙaru, ya yi yauƙi yana jan zare. Wannan shi ne alamar ƙwai na gab da fita, wato kwanakin da aka fi sa ran ɗaukar ciki, kuma ruwan shi ke taimaka wa maniyyi ya isa inda za shi. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan a kasuwancin nan: mace tana neman haihuwa ido rufe, an sayar mata da abin da zai busar da ruwan da take buƙata, da sunan maganin sanyi.

Idan kuma da ƙaiƙayi, ko wari, ko launi ya canja, to akwai abin dubawa. Sai dai abin da muke tarawa mu kira sanyi cututtuka ne dabam-dabam, kowace da maganinta. Akwai wani nau'in fangas da ake kira kandida, mai kawo ƙaiƙayi sosai da farin ruwa mai kauri gudaji-gudaji. Mafi yawan mata sukan gamu da shi ko sau ɗaya ne a rayuwa, har da 'yan matan da ba su san namiji ba, kuma ba ya taɓa mahaifa. Akwai rikicewar ƙwayoyin bakteriya na cikin gaba, mai kawo ruwa tsararo launin toka da ƙarni, wadda yawan wanke ciki da cushe-cushe ke ƙara janyowa. Akwai tirikomonas, mai ruwa rawaya ko kore-kore da kumfa, wanda ake ɗauka ta saduwa. Sannan akwai gonoriya da kilamidiya, su ma ta saduwa ake ɗauka, kuma su ne in an bar su suke iya hawa sama su toshe hanyoyin ƙwai. Abin lura, waɗannan biyun sau da yawa ba sa nuna wata alama ko kaɗan a jikin mace. Kin ga ashe mai yawan ƙaiƙayin ba shi ne mai haɗarin ba. Babu kuma ɗaya daga cikinsu da ake ɗauka don an tsuguna a banɗakin wani, duk da yadda maganar ta zauna a bakin mutane.

To ki faɗa min, ta yaya jarka ɗaya za ta yi maganin duka waɗannan? Maganin fangas ba ya kashe bakteriya. Maganin bakteriya kuwa, wato antibayotik irin wanda nake kyautata zaton shi aka yi ta haɗa miki a kemis, yana share har ƙwayoyi masu amfanin nan, sai kandida ta samu fili ta dawo. Yana yiwuwa ƙwarai wannan ne ya sa abin yake tafiya yana dawowa. Ƙari a kan haka, shan antibayotik barkatai yana sa ƙwayoyin cuta su saba da shi, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki. Masu ƙananan kemis na unguwa da yawansu mutanen kirki ne, suna kuma rufa wa talaka asiri, amma lasisinsu na sayar da ƙananan magunguna ne, bai kai ga rubuta antibayotik da yin allura ba. Ciwon suga da juna biyu su ma suna sa kandida ta riƙa dawowa, shi ya sa likita zai iya cewa a auna sugan jininki.

Ni ma da nake ba ki amsa ba zan ce miki ga wanda ke damunki a cikinsu ba. Wasiƙa ba ta duba mutum, haka ma bidiyo, haka ma Google. Duk wanda ya yanke miki hukunci daga nesa, ya faɗi abin da bai sani ba.

Maganar cutar kansa, wato sankara. Google yana zubo miki duk abin da zai iya kawo alamar da kika rubuta ne, daga mafi sauƙi har mafi muni, bai san shekarunki ba, bai san tarihinki ba. Ido kuma in yana cikin tsoro, mafi munin yake fara gani. Sankarar bakin mahaifa gaskiya ce, ba na raina ta: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 kimanin mata 12,000 ne suka kamu da ita a Najeriya, kimanin 8,000 suka rasu. Amma cuta ce mai tafiyar hawainiya. Ƙwayar HPV ce ke kawo ta, kuma ga mace mai cikakkiyar garkuwar jiki takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. Alamominta da aka fi sani su ne zubar jini bayan saduwa, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan mace ta daina al'ada, ko ruwa mai jini-jini da ɗoyi. Ba ki ambaci ko ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a fara gwajin bakin mahaifa daga shekara 30, ko 25 ga mai ɗauke da HIV, don haka ki sa shi a ranki don gaba. In kuma kina da ƙanne mata 'yan shekara 9 zuwa 14, tun watan Oktoban 2023 aka fara yi musu rigakafin HPV kyauta a ƙasar nan, kuma Kano na cikin jihohin da aka fara da su.

Sai tambayarki ta ainihi: wa za ki yarda da shi?

Kin san mai maganin nan da ke ɗaura lasifika a kan mota a bakin kasuwa ko tasha, yana jero cututtuka tun daga basir har rashin haihuwa, kwalba ɗaya ta warkar da su duka? Shi ne ya shigo waya, ya sa kaya masu kyau, ya koyi sunayen cututtuka biyu-uku da Turanci. Bambancin kawai, a kasuwa kina iya wucewa, a waya kuwa biyo ki yake har gado. Manhajojin nan an gina su ne su ƙara miki irin abin da kika tsaya kika kalla. Kin tsaya a kan bidiyon sanyi ɗaya, gobe goma za su zo, jibi ki ga kamar duk matan duniya mahaifarsu na ruɓewa. Yawan ganin magana ba ya mayar da ita gaskiya, haka yawan mabiya.

Abin da nake fara dubawa a kan duk mai maganar lafiya shi ne: me yake sayarwa? In wanda ya tsorata ki shi ne kuma ya ce ki yi masa magana ta akwatin sirri ki sayi mafita, to ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne, tsoron kuma talla ce. Wannan ma'aunin kaɗai zai zubar miki da mafi yawansu. Mai guruf ɗinku ba za ta taɓa ce miki ruwan da kike gani lafiya ce ba, don ranar da ta faɗa ta rasa ciniki. Ki lura kuma da yadda ake tafiyar da irin guruf ɗin: hotunan saƙonnin godiya ake turowa kullum, wance ta samu ciki, wance ta haifi 'yan biyu. Wadda abin ya ƙona fa? Ko dai kunya ta hana ta magana, kamar yadda ta hana ki, ko ta yi magana a cire ta. Saƙon godiya kuma mutum na iya rubuta wa kansa da waya biyu.

Daga nan sai ki duba ko waye shi. Likita na gaske yana da cikakken suna da asibitin da yake aiki, wanda za a iya zuwa a same shi. Likitoci a Najeriya suna da hukumar da ke yi musu rajista, MDCN, nas-nas da ungozomomi su ma suna da tasu, haka masana haɗa magunguna. Kalmar dokta a gaban sunan shafi ba takarda ba ce. Akwai likitocinmu na Arewa, mata da maza, da ke yin bayani da Hausa a Facebook da TikTok da YouTube tsakaninsu da Allah, kuma za ki gane su da ɗabi'arsu: suna bayani ne na gaba ɗaya, suna cewa abu kaza na iya zama kaza ko kaza, ba sa alƙawarin warkewa cikin kwana bakwai, kuma ƙarshen maganarsu a je asibiti a duba. Sai dai a yi hattara, yanzu ana ɗaukar fuskar sanannen likita ko ɗan jarida a haɗa masa muryar ƙarya da na'ura yana tallar magani. In kika ga wani sananne yana tallar kwalba, ki je shafinsa na asali ki ga ko maganar tana can.

Akwai kalaman da in na ji su nake ɗauke kai: magani ɗaya na cuta goma, ba shi da illa ko kaɗan tunda na itatuwa ne, sirrin da likitoci ba sa so ki sani, saura guda biyar a yi sauri. Duk abin da ke da ƙarfin yin magani yana da ƙarfin yin illa, itace ne ko ƙwaya. Wanda ya fi min ciwo shi ne jingina haja da addini. Zuma Alƙur'ani ya ambaci warakarta, habbatus sauda hadisi ingantacce ya zo a kanta, babu mai musun wannan. Amma ba a ce a cusa su a gaba ba, kuma ambatonsu ba ya wanke sauran abubuwan da aka zuba a jarkar da ba ta da ko takarda. Wanda ya karanto miki aya sannan ya turo lambar asusu, ki raba ayar da asusun.

Lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ita ma tana son bayani, don ana fakewa da ita. Hukumar tana da rumbun bayanai a intanet mai suna Greenbook, inda za ki rubuta sunan magani ko lambarsa ki ga ko da gaske an yi masa rajista, domin lambar ma ƙirƙirarta ake yi. Sannan yawancin magungunan gargajiya da ke da lamba, za ki ga lambar ta ƙare da harafin L. Ma'anarsa an duba an ga ba guba ba ne a yadda aka gwada shi. Ba ya nufin an tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta a jikinsa, shi ya sa ake sa su rubuta a kwalin cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarin ba. Ki duba, za ki gani da ƙananan haruffa.

Ba na ganin laifin Bakanon da ke ɗari-ɗari da maganin asibiti. A garin nan ne a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, 11 daga cikin yara 200 da ke cikin gwajin suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Don haka tambaya da bincike haƙƙinmu ne. Abin da ba na so shi ne mu tsananta bincike a kan asibiti, sannan mu buɗe baki mu haɗiye duk abin da saƙon murya ya kawo. Ki tambayi manya abin da ya faru a watan Agustan 2014, lokacin Ebola, da saƙo ya zagaya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Kowa ɗan'uwansa ne ya kira shi, don ƙauna, ba don mugunta ba. Mutane suka kwanta asibiti, wasu suka rasa rai. Saƙon da ya zo daga yayarki ko aminiyarki, ita ma turo mata aka yi.

To ina za ki karanta? Shafin Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, yana da bayanai a kan kusan duk abin da na ambata. Shafin NHS, hukumar lafiya ta Ingila, shi na fi tura mutane gare shi, don an rubuta shi da Turanci mai sauƙi, ba ya talla, yana faɗin lokacin da ya kamata a ga likita, kuma a ƙasan kowane bayani akwai ranar da aka sake duba shi. Akwai MedlinePlus na gwamnatin Amurka, da Mayo Clinic. A gida kuma akwai shafukan Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da NCDC mai yaƙi da yaɗuwar cututtuka, da hukumar lafiya a matakin farko, NPHCDA, wadda ke kula da rigakafi. Dabarar ita ce kada ki zuba wa Google alamomi ki danna na farko, don na saman sau da yawa talla ce da aka biya. Ki rubuta abin da kike nema ki ƙara NHS ko WHO a ƙarshe. In kika ga magana a wuri ɗaya, ki neme ta a na biyun. Abin da yake gaskiya za ki same shi a duka.

Na san matsalar: kusan duk waɗannan da Turanci suke, kuma wannan giɓin ne 'yan kasuwa suka cike da Hausa mai daɗi. Abin kunya ne a ce yaren da miliyoyin mata ke magana da shi, mai neman bayanin al'adarta da shi ta fi saurin cin karo da mai talla fiye da likita. Kafin a gyara, akwai shirin Lafiya Zinariya na BBC Hausa da Lafiya Jari Ce na RFI Hausa, inda ake gayyato likitoci da sunansu da wurin aikinsu, kuma tsofaffin shirye-shiryen suna nan a intanet. Gidajen rediyon Kano ma suna da filayen da likita ke zama ana bugo masa waya. Sai dai ki bambance su da filin da mai magani ya saya da kuɗinsa, shi ma a rediyon yake. Manhajar fassara za ta taimaka miki ki gane jigon bayani, amma kada ki dogara da ita a kan sunan magani ko adadin da za a sha. Haka su Meta AI da ChatGPT: suna da amfani wajen sauƙaƙa miki bayani ko shirya tambayoyin da za ki yi wa likita, amma suna kuskure, kuma da muryar da suke faɗin daidai da ita suke faɗin kuskuren.

Ko shafin da ya fi kowane inganci, ki tuna don mutanen wata ƙasa aka rubuta shi. Misali, in kina neman bayani a kan farin ruwa, shafin Ingila da wuya ya kawo miki maganar tsargiya. Alhali tsargiya, wadda muka fi sani da fitsarin jini a yara maza, tana kama al'aurar mata ma, ta kawo ruwa da ƙaiƙayi da ciwon mara da ɗigon jini, a yi ta yi mata maganin sanyi a banza. Ana ɗaukarta ne a ruwan kogi da dam da magudanan noman rani, irin na yankin Kura da Kadawa. In kin taso kina shiga irin wannan ruwan, ki faɗa wa likita. Likitan da ke zaune a Kano ya san wannan.

Don haka makon nan ki je asibiti. Ki fara da na kusa da ke, ko ki je sashen mata na Asibitin Murtala, ko na Nasarawa, wato Muhammad Abdullahi Wase. In abin ya buƙaci ƙwararru za a tura ki Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Akwai layi, akwai jira, wani lokaci har da faɗan ma'aikata, ban ɓoye miki ba, sai ki yi sammako ki ɗaure. Kina da damar ki nemi likita mace, in babu kuma ki nemi nas mace ta tsaya a ɗakin lokacin dubawa. Ki je ba lokacin al'ada ba, kuma kwana biyu kafin nan kada ki sa komai a ciki, don kada ya ɓata gwajin. Ki tafi da ragowar haɗin da kwalayen ƙwayoyin da kika sha, ki faɗi komai yadda yake. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma duk abin da za ki faɗa sun ji irinsa a safiyar ranar. Ki rubuta ranakun da al'adarki ta fara a watanni ukun da suka wuce. Tsakanin kwana 21 zuwa 35 daga farkon wata al'ada zuwa farkon ta gaba shi ne aka saba gani. Kafin ki tashi ki tambayi likita sunan abin da aka gano, ki roƙe shi ya rubuta miki a takarda, ki tambaya ko maigida ma sai ya sha magani, da ranar da za ki dawo. Wannan sunan da ke takarda shi za ki bincika a waya. A nan intanet take da amfani sosai: bayan an duba ki, ta ƙara miki fahimta.

Game da haihuwa, tunda kun haura shekara kuna tare babu ciki, lokacin bincike ya yi. A likitance shekara ɗaya ake jira, ko wata shida in mace ta haura 35. Wannan ba ya nufin ba za ki haihu ba, da yawa suna samu a shekara ta biyu ba tare da an yi musu komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na gamuwa da jinkirin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Kuma binciken na mutum biyu ne. A kusan rabin ma'auratan da ke fama da wannan, akwai hannun ɓangaren namiji, ko shi kaɗai ko tare da na macen. Gwajin maniyyi yana cikin mafi sauƙin gwaje-gwajen, babu allura, babu tiyata. Bai dace a yi ta ɗura wa mace jiƙe-jiƙe shekara da shekaru ba a taɓa duba mijin ba.

Ki samu maigidanki lokacin da hankalinsa ke kwance, ki faɗa masa halin da kike ciki, har kuɗin da kika kashe. Kada ki shigo da maganar ta fuskar zargi. Kandida da rikicewar bakteriya ba alamar wani ya ci amanar wani ba ne. Ki ce masa likita na son ganinku tare, sauran bayanin ki bar wa likitan, maza sun fi karɓarsa daga can. In gwaji ya nuna cutar da ake ɗauka ta saduwa ce, dole a yi muku magani lokaci ɗaya, a gidan da ke da abokiyar zama har da ita, in ba haka ba za ta yi ta zagaye ne. Dangin miji kuwa ba sa bin ki bashin bayani. Ki ce muna zuwa asibiti, a taya mu da addu'a. Amma ki samu mace ɗaya babba da kika amince da ita, mahaifiyarki ko yayarki, ki faɗa mata. Ɗaukar wannan ke kaɗai da waya cikin dare shi ya kai ki inda kike.

Wani abu da nake yawan gani a wajen matanmu: in jini ya rikice, sai a tsaya a tambayar malama ko haila ce ko istihala, a samu hukuncin salla da azumi, shi ke nan. Tambayar malama wajibi ce, amma hukunci ta ba ki. Dalilin da ya sa jinin yake zuwa, ƙari ne a mahaifa, rikicewar sinadaran jiki ce ko wani abu dabam, wannan aikin likita ne. A yi duka biyun.

Akwai kuma lokacin da ba a buɗe waya ma sam, mayafi ake ɗauka a fita ko da tsakar dare ne. In jini yana zuba har yana jiƙa audugar mata cikin awa ɗaya, ana canjawa yana sake jiƙawa. In ciwon mara mai tsanani ya haɗu da zazzaɓi. In al'ada ta yi jinkiri sannan ciwo ya soke ki a gefe ɗaya na mara, da jiri ko suma, don yana iya zama ciki ne ya zauna a wajen mahaifa, kuma wannan minti ake ƙirgawa. Ga mai juna biyu kuma, zubar jini, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi da kumburin fuska da hannu, ko jijjiga, ko ta ji motsin ɗa ya ragu. Kullutu a nono shi ba na tsakar dare ba ne, amma kada ya wuce makon ba a nuna shi ba, ko da ba ya ciwo.

Guruf ɗin nan ki fita daga cikinsa yau, shafukan da ke tsorata ki kuma ki daina bin su, in bidiyonsu ya zo ki danna cewa ba kya so, a hankali manhajar za ta rage kawo miki. Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa, Ya azurta ku da zuri'a mai albarka.